Lasisin Malam Buraima

Suwaidi, Riyad
11 ga Oktoba, 1985

Zuwa ga matata Rekiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Ki gaida Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai kewa, sai kuma girkin hannuna, wanda kin san ba ya wuce shinkafa da ƙwai.

Rekiya, na shiga tsaka mai wuya a wurin aiki, kuma alƙalamina ne ya jefa ni. Kin san babur ɗin nan mai ƙafa uku da manyan tayoyi, wanda Larabawa ke kira dabbabi, da ma'aikatanmu ke hawa su zagaya hanyoyin cikin gandun itatuwa suna duba tiyon ruwa. To makon jiya Mahamadu, mutumin Tasawa, ya zo shan kwana sai ya sauke ƙafa ƙasa yadda ake yi a kan babur mai ƙafa biyu. Tayar baya ta hau ƙafar, ƙashin ya karye gida biyu. Washegari mudir, wato shugaban kamfani, ya kira ni ya ce daga yanzu ba mai hawan dabbabi a gandun kamfani sai da lasisi. Ni zan rubuta dokokin, ni zan yi jarrabawa, ni zan sa hannu a kati.

Na rubuta dokoki tara, kuma ba yabon kai ba, sun yi kyau. Hular kwano dole, ba goyo, ba jallabiya, ba sauka daga hanya a tattake ƙananan itatuwa. Ta huɗu ita ce ta Mahamadu: ƙafa ba ta taɓa ƙasa sai an kashe inji. Ta tara ta ce wanda ya faɗi ya jira wata biyu ya sake, in ya sake faɗi ya bar hawa ke nan har abada.

Sai da na gama jin daɗin kaina aka kawo mini sunayen waɗanda zan jarraba, mutum goma sha huɗu. Na shida Baba ne, mahaifinki.

Kin san aikinsa zagaye ne, kilomita goma sha takwas kullum. In ba dabbabi ba zagaye, in kuwa ba zagaye mudir ba zai sabunta masa kwangila a watan Maris ba. Na je na roƙi mudir ya ba wani ya jarraba shi, ya ce da ni, "Ma fi mushkila, ba matsala, surukinka ne, ai sai ya fi maka sauƙi." Ta ina zan fara yi wa Balarabe bayani? Kafin aurenmu ni da Baba mukan zauna gardamar bedi da kurna har shayi ya huce. Tun ranar da aka ɗaura, shekara biyu ke nan, ban ƙara haɗa ido da shi ba. In na hango shi sai in sake hanya, in mun yi kiciɓis in durƙusa in gaida ƙasa. Yanzu a ce in tsaya a kansa da takarda ina ƙirga masa kuskure?

Ga roƙona. Akwai gurbin shugaba a wurin renon iri, aikin inuwa ne, ba ya bukatar hawa, amma ba zai wuce ƙarshen shekara ba a cike shi ba. Ke ce autarsa, yana jin maganarki. Ki rubuta masa ya nemi gurbin.

Allah ya sauke ki lafiya.
Naki,
Nuru

*

Jaradiya, Riyad
18 ga Oktoba, 1985

Zuwa ga ɗiyata auta, Rekiya,

Ina gaishe ki, ina gaida innarki, ina gaida maƙwabta kowa da sunanshi. Allah shi raba ku lafiya, shi ba mu mai albarka. Ga turare da dabino na ba Alhajin da zai kawo miki takardar nan.

Ni dai lafiyata ƙalau, kuma itatuwana sun fi ni lafiya. Kurnar nan da munka dasa shekarar da na zo, wadda Larabawa sunka ce ba ta yi a wannan rairayi, yau in mudir ya zo ƙarƙashinta yake aje motarshi. Ba ya cewa komi, ni ma ba ni cewa komi, amma kowa ya san wanda ya dasa ta.

Ga babban labari. An kafa allo a bakin ƙofar gandu, an rubuta dokokin hawan dabbabi da Larabci da Turanci da Hausa. Hausa, ɗiyata, a ƙasar Larabawa, kan allon ƙarfe, kuma mai gidanki ne ya rubuta. Na tsaya gaban allon na karanta ma waɗanda ba su yi lakwal ba, wato boko, ɗaya bayan ɗaya, har sau biyu. Ranar Juma'a da munka haɗu da mutanen Maraɗi a kasuwar Batha na sake karanta musu da ka, ko da yake ba wanda ya tambaye ni. Wani ya ce, "Malam Buraima, kai ka rubuta?" Na ce a'a, amma ni na ba wanda ya rubuta mata.

Shekara ashirin da biyu na yi ina tsaron gandun daji a ƙasarmu, kan ɗan babur ɗina mobilet, daga Madarunfa har Gabi. Na san doka, na san mai wasa da ita. Ɗan wan ubana na kama shina sarar gawo, na rubuta sunanshi, munka yi shekara uku ba ya gaishe ni. Saboda haka in na ce dokokin yaron nan sun tsaru, ki yarda sun tsaru.

An ce ƙarshen watan gobe za a yi muna jarrabawa. Samarin ɗakinmu, su Lado da Abdou, duk cikinsu ya ɗuri ruwa. Ni abu guda ke damuna, hular kwanon nan ba ta zama kan hulata, sai na cire ɗaya, kuma kin san tun kina goye ba a ga kaina waje ba. In don hawa ne, shekara huɗu ina kan dabbabin nan, ko tsiron ciyawa ban taɓa takawa ba. Ki shirya ganin kati da hotona.

Allah shi yi miki albarka.
Mahaifinki,
Buraima Oumarou

*

Mokoyo, Maraɗi
9 ga Nuwamba, 1985

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san saƙon waya ya riga takardata, to baƙuwarku ta iso lafiya, Inna ta ce hancinka ta kwaso, na ce Allah ya ƙara mata haƙuri. Ina nan ina shan wanka da kunun kanwa, in ka gan ni ba za ka gane ni ba.

Wasiƙarka da ta Baba rana ɗaya suka zo. Na karanta taka na tausaya maka, na karanta tasa na yi dariya har Inna ta leƙo. Injiniya, mutumin da ke karanta dokokinka da ka a tsakiyar Batha kake so in ce ya gudu ya ɓuya cikin renon iri? In na rubuta masa haka, zai san daga inda maganar ta fito, kuma zai ɗauka ka raina hawansa ne. Ba zan rubuta ba. Wannan karon ka yi haƙuri da matarka.

Ni ban ga abin tsoro ba. Baba ya iya hawa, a bayan mobilet ɗinsa na girma. Ka tsaya ka yi aikinka, minti nawa ne duka? In kunya ta kama ka, ka ɗauka wani tsoho ne daga Damagaram da ba ka taɓa auren ’yarsa ba.

Ka rage cin ƙwan nan. Inna na gaishe ka.

Taka,
Rekiya

*

Suwaidi, Riyad
1 ga Disamba, 1985

Rekiya,

Bayan gaisuwa, ki shafa mini kan yarinyar. Hancin kuwa gado ne, ba yadda za a yi.

Alhamdu lillahi, jiya an yi an gama. Na kafa tutoci a hanyar da ke bayan tankin ruwa, za a sha kwana sau bakwai, ta ƙarshe a gangare mai rairayi. Ni ina tsaye a tsakiya da takarda, mutane sun yi layi, har Mahamadu ya zo da sandunansa kallo. Goma sha biyu sun ci, biyu sun faɗi, Lado da Abdou, dukansu a doka ta huɗu. Lado sau ɗaya tak ya sauke ƙafa. Ya roƙe ni har da riƙe mini hannu, na ce ya dubi Mahamadu ya dawo bayan wata biyu.

Da aka zo kan Baba, ya tako gabana da hular kwano a kai, ya ƙame ya ce, "Salamu alaikum, lamba shida." Ban san lokacin da na durƙusa ba, a gaban kowa, da takarda da komai. Shawararki ta tsohon Damagaram ba ta yi aiki ba ko kaɗan. Ya tada inji ya tafi. Gaskiya tsakanina da ke, kaina bai ɗagu ba. Takarda nake kallo ina sauraron ƙarar injin, kuma ƙarar ta tafi sumul, ba gargada, irin ta wanda ya san abin da yake yi. Da na ji ya kashe, na sa hannu na miƙa kati da hannu biyu.

Ya karɓa ya juya ya tafi. Na san halin manya, ba sa nuna murna a gaban yara. Ni dai an sauke mini dutse daga ka, yau har nama na saya.

Naki,
Nuru

*

Jaradiya, Riyad
3 ga Disamba, 1985

Ɗiyata,

Ina gaishe ki da jaririya da innarki. Gaisuwata yau gajera ce, ki yi haƙuri, raina ba daɗi.

An yi jarrabawa, an ba ni kati, kuma ban ci ba. Sau biyu na sauke ƙafa, a kwana ta uku da ta bakwai. Ban san ina yi ba sai ranar nan. Shekara ashirin da biyu kan mobilet, ƙafar ta saba, da ta ga kwana sai ta sauka da kanta ba ta shawarta da ni. Ta biyun har takalmina ya bar shaida a rairayi. Mutum goma sha uku sun gani, Mahamadu ya gani. Mutum ɗaya ne bai gani ba, shi ne wanda anka sa ya gani. Tun da na tashi har na dawo tsakar kanshi kawai nake hange.

Da munka koma ɗaki, Lado, wanda anka kayar don sau guda, ya zo ya durƙusa ya ce, "Barka, Malam. Allah shi ba mu surukai injiniyoyi mu ma." Da ladabi ya faɗa. Ni Buraima, yaro ya gaya mini haka in yi shiru, don gaskiya gare shi. Tun ranar ba wanda ke tsayawa gaban allon nan. Jiya na ga wani ya goya abokinshi sun wuce ta gabanshi suna dariya.

Na sa katin cikin ambulan na ba mai gadi ya aje kan teburin mai gidanki. Dabbabin na jingine shi. Ina zagaya abin da ƙafata ta iya, layukan kusa, sauran na roƙi wani shina duba mini.

Ba ni iya gaya mishi da bakina, shi ma ba ya iya saurare, saboda haka ke za ki kai. Ki ce kunyar da ya ji tawa na gode, ta nuna ɗan gidan mutunci ne, amma wurinta gida. Ranar nan ba surukinshi ya zo gabanshi ba, lamba shida ta zo. Ki ce shi rubuta cikin littafinshi cewa na faɗi, yadda ya rubuta ma Lado da Abdou, shi sa ni layi tare da su bayan wata biyu. Na karanta doka ta tara, na san mi take nufi gare ni, kada shi tuna mini. Abin da nake roƙo guda ne, wannan karon shi ɗaga kai shi dube ni.

Allah shi raya abin da anka samu.
Mahaifinki,
Buraima Oumarou

*

Mokoyo, Maraɗi
22 ga Disamba, 1985

Maigida,

Ina gaishe ka. Ga wasiƙar Baba nan na haɗo maka cikin tawa, ka karanta da idonka, don in na ce zan taƙaita zan rage mata zafi, kuma bai kamata a rage ba.

Kwana biyu na yi ina jin haushinku ku duka. Shi don taurin kai, an ba shi kati ya mayar. Kai don ka saya wa kanka nama alhali ka bar tsoho da abin da ya fi faɗuwa ciwo. Har da ni a laifin, ni na ce maka ya iya, ban san ƙafar na sauka ba.

Na san abin da kake tsoro. In ka duba da gaske wataƙila ka kayar da shi, ya dawo gida, a ce mijin Rekiya ne ya raba ubanta da aiki. Na kwana da wannan na tashi da shi. Na karanta wa Inna takardar, sai ta ce, "Shekara talatin da biyar ina aure da shi, ban taɓa ganin ya ci abin da bai noma ba ya narke mishi." Sai ta ci gaba da tankaɗe.

Saboda ni kake jin kunyarsa. To ni na ɗauke maka ita na rana ɗaya. Ka dube shi, abin da ka gani ka rubuta, ba zan taɓa riƙe ka da shi ba.

Taka,
Rekiya

*

Ofishin gandu
11 ga Janairu, 1986

Zuwa ga Malam Buraima Oumarou,

Baba, ina gaisuwa tare da neman gafara. Ban taɓa rubuto maka ba, kuma da a gabanka nake da ban iya faɗin ko rabin wannan ba.

Saƙonka ya iso ni ta Maraɗi. Katin ya yi wata guda cikin aljihun tebur, kullum in buɗe in rufe. Ranar Laraba na ɗauke shi na kai wa mudir, na gaya masa na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ya ba ni takardar gargaɗi, ta farko tun da na fara aiki, kuma ta dace da ni. Na kuma tara ma'aikata a gaban allo na faɗa musu haka da bakina.

An rubuta cewa lamba shida ya faɗi ranar 30 ga Nuwamba a doka ta huɗu. Jarrabawa ta biyu ranar Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe, tare da Lado da Abdou. An yarda ku yi gwaji a filin bayan tanki kullum bayan la'asar.

Zan duba, Baba.

Ɗanka,
Nuru

*

Suwaidi, Riyad
2 ga Fabrairu, 1986

Rekiya,

Ina gaishe ki da yarinya da Inna. Ki zauna kafin ki karanta.

Mako uku Baba yana gwaji kullum. Mahamadu yakan zauna kan bulo da sandunansa, da ya ga ƙafar ta motsa sai ya daka tsawa ya ce, "Ƙafa, Malam." Samarin nan da ke dariya suka koma zuwa kallo, daga baya suka koma yi masa addu'a.

Jiya Lado ya ci, Abdou ya ci. Baba ya tako ya ce, "Lamba shida." Ban durƙusa ba. Na ce, "Bismilla," na dube shi. Ya tsufa, Rekiya, gemun duk ya yi fari, shekara biyu ban sani ba.

Ban taɓa ganin hawa mai kyau irin wannan ba. Ya sha kwana shida na farko, ƙafafun nan kamar an ɗinke su. A ta bakwai, a gangaren, tayar gaba ta ɗan nutse cikin rairayi, ƙafar hagu ta sauka, kan yatsu kawai, ta koma. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Mutane duk suna ɓangaren dama, ba wanda ya gani. Suka ɗauki sowa, Mahamadu ya ɗaga sanda sama, Lado ya ruga ya riƙe masa dabbabin.

Baba ya kashe inji, ya cire hular kwano, ya tsaya kai ba hula yana kallona. Da na sa hannu a lokacin, ba mahaluƙin da zai ce uffan. Na ce, "Lamba shida, doka ta huɗu, kwana ta bakwai, ƙafar hagu." Lado ya ce wallahi shi bai ga komai ba, wasu suka fara rantsuwa suna taya shi. Baba ya ɗaga musu hannu ya ce, "Haka ne." Ya zare makulli ya miƙo mini, ya sa hularsa ya tafi da ƙafa.

Gurbin renon iri an cike shi tun Disamba. Na je wurin mudir har sau biyu, ya ce magana ta ƙare, ba wani wuri. Watan gobe Baba zai dawo gida, kuma da hannuna. Na zaga bayan tanki na yi kuka, ban ɓoye miki ba. Kin ce ba za ki riƙe ni ba, amma shi ban san da wane ido zai dube ni ba.

Naki,
Nuru

*

Jaradiya
7 ga Fabrairu, 1986

Zuwa ga Injiniya Nuru,

Ina gaishe ka, ɗana.

Yatsu uku ne sunka taɓa, na ƙirga. Ni kaina da ni ke riƙe da takardar, ban tabbata zan kama ta ba.

Ka ba Lado zagayen, shina da lura. Ka ce mishi tiyon layi na goma sha ɗaya shina toshewa in anka yi iska, kuma kurna ba ta son ruwa da yawa cikin sanyi.

Yau bayan Juma'a mutanen Maraɗi sunka kewaye ni a Batha suna yi mini jaje. Wani ya ce wane marar imani ne ya kayar da dattijo kamarka. Na miƙe tsaye don na baya su ji, na ce surukina ne, mijin autata, kuma duk wanda ke da irinshi a gida shi fito mu gani. Ba wanda ya fito.

Jirgina sha biyu ga Maris. Kai za ka kai ni filin jirgi, kuma gaba zan zauna.

Allah shi yi maka albarka.
Buraima Oumarou